Daraja ta Ɗaya a Digirin Ingilishi: Abin da Masu Jarrabawa Suke Nema

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana abin da ke raba amsar da ta cancanci daraja ta ɗaya da wadda ta tsaya a daraja ta biyu, a digirin farko na harshe da adabin Ingilishi. Za mu duba al'amarin ne kamar yadda yake a jami'o'in Ingila, domin kuwa daga can muka gaji wannan tsari na raba digiri daraja-daraja, tun lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan.

A yawancin jami'o'in Ingila maki 70 cikin ɗari shi ne ƙofar daraja ta ɗaya, 60 zuwa 69 kuwa babbar daraja ta biyu. Wanda ya saba da lissafi zai ga kamar 70 ba wani abin a zo a gani ba ne. To, amma a fannin adabi ba a cika ba da abin da ya haura 80 ba, saboda haka tazarar da ke tsakanin 68 da 72 ta fi yadda ido ke ganinta faɗi. Galibi malamai biyu ne ke duba aikin da ke da nauyi, ba tare da sun san sunan mai shi ba, sannan mai jarrabawa daga wata jami'a ya auna hukuncinsu. A jami'o'i da dama a can ba a lissafa makin shekarar farko. A Nijeriya kuwa, inda ake bin ma'aunin maki biyar, tun daga zangon farko ake tarawa, kuma sai jimillar ta kai 4.50. Wato ɗalibinmu ba shi da shekarar da zai yi tuntuɓe a yafe masa.

Abin da ɗalibai suka fi ɗauka shi ne yawan karatu ke kawo wannan daraja. Lalle ba a samunta ba tare da karatu ba, sai dai a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗalibin da ya karanta littafi, ya haddace ra'ayoyin manazarta biyar, ya jera su cikin Ingilishi mai tsabta, ya cancanci maki sittin da wani abu, kuma shi zai samu. Abin da ya rage masa shi ne da'awa tasa ta kansa, wadda wani zai iya musantawa, wadda kuma ya kafa ta a kan kalmomin matanin.

Wannan buƙata tana da tarihi. A shekarun 1920 wani malami a Jami'ar Kambirij, I. A. Richards, ya riƙa raba wa ɗalibai waƙoƙi a takarda, babu sunan mawaƙi, babu shekara, ya ce su rubuto masa abin da suka gani. Sakamakon ya fito a littafinsa Practical Criticism a 1929, inda ya tattauna amsoshinsu a kan waƙoƙi goma sha uku. Ya tarar cewa da yawansu, duk da haziƙancinsu, ba su kama ko ma'anar fili ta baitocin ba. Da zarar sun ga kalmar da ta shafi uwa, ko mutuwa, ko ƙasar haihuwa, sai su zubo abin da suka saba ji, su bar abin da ke gabansu. Daga irin wannan gwaji ne karatun ƙwaƙƙwafi, wato bin matani kalma bayan kalma, ya zama ginshiƙin digirin Ingilishi. Mazhabobin tarke sun zo sun wuce bayan Richards, wasu ma sun soki yadda ya raba waƙa da zamaninta, amma har yau mai jarrabawa yakan fara da tambayar: a ina ne cikin matanin ka ga wannan?

Bari mu ɗauki misali daga littafin da mai karatu ya sani, wato Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda aka buga a 1958. A ce an tambayi ɗalibai su tattauna yadda littafin ya ƙare. Na farko zai ce zuwan Turawa ya rusa al'adun Ibo, Okonkwo ya kasa jurewa, ya rataye kansa. Zai kawo jigo, ya kawo salo, ya kawo zubi da tsari, kowanne a gurbinsa. Babu kuskure ko ɗaya a ciki, sai dai babu abin da mai jarrabawa bai karanta ba a takardu talatin da suka gabata.

Na biyu zai lura cewa a babi na 25, wato na ƙarshe, marubucin ya sauya idon da muke kallon labarin da shi. Bayan babi ashirin da huɗu a cikin Umuofia da Mbanta, sai ga mu cikin kan Baturen mulki, yana tunanin littafin da zai rubuta, yana auna ko labarin wannan mamaci zai cika babi ko kuwa sakin layi ɗaya ya ishe shi. Daga nan ɗalibin zai kafa da'awarsa: ƙarshen littafin magana ce a kan wanda ke da ikon ba da labari, kuma abin da ya sa tunanin Baturen ke ƙona mana rai shi ne mun riga mun karanta dogon labarin da yake shirin taƙaitawa. Sannan, kuma wannan shi ne matakin da ɗalibai suka fi tsoro, zai kawo abin da ke iya rushe maganarsa. Ai Achebe bai ɓoye jefar da tagwaye ba, bai ɓoye kisan Ikemefuna ba, kuma ta wannan tsaga ce Nwoye ya fice zuwa coci. Ɗalibin zai nuna cewa wannan bai karya da'awarsa ba, domin mai ba da labari na cikin gida ne kaɗai ya iya nuna aibin tare da dalilinsa. Idan ya ambaci wani manazarci, zai ambace shi ne don ya yi muhawara da shi, ba don ya fake a bayansa ba.

Shi kansa Achebe ya nuna irin wannan aiki a laccar da ya gabatar a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1975, inda ya tuhumi littafin Joseph Conrad, Heart of Darkness, da wariyar launin fata. Manazarta da yawa ba su yarda da shi ba, amma dole ta sa suka amsa masa, domin ya nuna wuraren da Conrad ya hana 'yan Afirka magana, da 'yan wuraren da ya ba su ita, da abin da ya sa a bakinsu.

Akwai kuma sha'anin lokaci, wanda ba ya buƙatar dogon bayani. A jarrabawar awa uku mai tambayoyi uku, amsa biyu masu kyau da ɗaya guntuwa ba sa kai mutum 70. Haka nan amsar da aka haddace tun daga gida, aka ɗora wa tambayar da ba tata ba, tun daga sakin layin farko ake gane ta.

Ya kamata kuma a san iyakar abin da wannan daraja take aunawa. J. R. R. Tolkien ya same ta a Oksfod a 1915, C. S. Lewis a 1923. Amma W. H. Auden da daraja ta uku ya fita a 1928, ga shi kuwa a 1956 jami'ar ta zaɓe shi Farfesan Waƙa. Achebe ma da daraja ta biyu ya bar Ibadan a 1953. Bugu da ƙari, nauyinta a Birtaniya ya sauya: a tsakiyar shekarun 1990 waɗanda ke samunta a dukkan fannoni ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, amma a 2021 sun kai kashi 36, kafin adadin ya ɗan sauka. Wannan ya jawo muhawara a kan ko ɗalibai ne suka ƙara ƙwazo, ko kuwa malamai ne suka sassauta hannu, kuma har yanzu ba a rufe ta ba.