Ƙaramin mahaɗin da jiragen yaƙi ke dogaro da shi wajen sauraren teku

A ranar 8 ga watan Maris na shekarar 2009, wasu jiragen ruwa biyar na ƙasar Sin sun kewaye wani jirgin leƙen asirin Amurka mai suna USNS Impeccable, kimanin kilomita 120 kudu da tsibirin Hainan.

Amurka ta ce wasu daga cikin ma'aikatan jiragen sun yi ƙoƙarin maƙalo wata doguwar igiya da jirgin nata ke ja a bayansa. A watan Yunin wannan shekara kuma, wani jirgin ƙarƙashin teku na Sin ya yi karo da irin wannan igiya ta jirgin yaƙin USS John S. McCain a kusa da ƙasar Filifin.

Ita dai wannan igiya kunne ce. Da ita ne jirgin yaƙi ke gano jiragen ƙarƙashin teku na abokan gaba tun suna nesa.

Me ya sa ake jan kunnen a baya?

Haske da siginar rediyo ba sa yin nisa a cikin ruwan teku, amma sauti yana yi, kuma yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda, wato fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. Saboda haka ne sojojin ruwa suka dogara da na'urar sona, wadda ke aiki da sauti.

Sai dai kuma shi kansa jirgin yana da ƙara, ga ta inji ga ta farfela. Maganin da aka samo shi ne a jera ƙananan na'urorin saurare a cikin wani dogon bututu mai kama da mesa, a cika shi da mai don kada ya nutse ko ya taso, sannan a sake shi a bayan jirgin da igiyar da kan kai kilomita ɗaya ko fiye.

Tsawon bututun na da wani amfanin kuma. Sauti ba ya isa ga dukkan na'urorin a lokaci guda, kuma daga wannan ɗan bambanci ne kwamfuta ke lissafa ɓangaren da ya fito.

An daɗe wayoyin tagulla ne ke kai saƙon zuwa jirgi. A shekarar 1977 masana a cibiyar binciken sojojin ruwan Amurka suka nuna cewa zaren gilashi mai ɗauke da haske, irin wanda intanet ke bi a yau, shi ma yana iya jin sauti. Idan aka naɗe zaren a jikin wani ɗan bututu, matsin sautin yakan ɗan miƙa shi, hasken da ke ratsa shi kuma ya sauya. Jiragen ƙarƙashin teku samfurin Virginia, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 2004, suna ɗauke da irin waɗannan kunnuwa na gilashi a jikinsu.

Zaren gilashi ba shi da nauyi, yana ɗaukar bayanai masu yawan gaske, kuma wutar lantarkin da ke kusa ba ta gurɓata saƙonsa.

Inda gizo ke saƙar

Ba a ƙera bututun a dunƙule. Gaɓa-gaɓa ake yin sa, domin idan wani sashe ya lalace a cire shi a sa wani. A kowace gaɓa kuwa sai an sa mahaɗi, kuma a nan ne injiniyoyi suka fi shan wahala.

Cibiyar zaren da haske ke bi ba ta wuce kaurin maikiron 9 ba, alhali gashin kan mutum yakan kai maikiron 70. Ke nan aikin mahaɗin shi ne ya sa bakunan zare biyu masu wannan siranta su dubi juna daidai wa daida. Ƙwayar gishiri ɗaya ko ɗan ƙura ya isa ya tare hanyar.

Asarar kuma taruwa take yi. Alal misali, idan kowane mahaɗi yana cinye kashi ɗaya cikin goma na hasken, to bayan gaɓa goma abin da zai rage bai fi kashi ɗaya cikin uku da 'yan kai ba. Hasken da ke dawowa baya daga bakin zaren ma matsala ce, domin yana shiga cikin saƙon kamar hayaniya. Shi ya sa ake goge bakin zaren a karkace, yawanci da digiri 8.

Duk wannan a ɗakin gwaji mai sauƙi ne. A teku kuwa, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya a kowane mita 10, ta yadda a zurfin mita 300 ya ninka sau 30. Jirgi yana fizgar igiyar, ruwa yana kaɗa ta, gishiri yana cin ƙarfe. Idan an gama aiki sai a naɗe ta a jikin wani babban gangan naɗi, gobe a sake warware ta, haka dai har sau ɗaruruwa.

Wannan ne bambancinta da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin waɗanda suka lalace a gaɓar Kodebuwa a watan Maris na 2024, har sadarwa ta tsaya cik a sassan Najeriya da Ghana. Su waɗannan kwance suke wuri guda, kuma narkar da bakunan zaren ake yi a liƙe su dindindin. Igiyar sona kuwa tilas ta kasance mai kwancuwa.

Dabarun da ake bi

Yawanci ana dasa zaren a cikin wani ɗan tsinke na tangaran mai tauri, a sa masa sifirin a baya domin bakunan su ci gaba da manne da juna ko da ana jijjiga. Ana yin kwanson da ƙarfen taitaniyam saboda ba ya tsatsa, a kuma rufe shi da zobban roba biyu ko fiye. Wasu maƙera sukan cika cikin mahaɗin da mai, ta yadda matsin ciki da na waje za su daidaita, ruwa ya rasa dalilin kutsawa.

Wata dabarar ita ce a sa ɗan gilashin faɗaɗa haske a bakin kowane zare. Hasken yakan faɗaɗa ya tsallaka gibin, sannan ɗaya gilashin ya sake tattara shi. Irin wannan mahaɗi ya fi jure datti da hannun matuƙin da ke gaggawa a kan jirgi mai tangaɗi, amma ya fi cin haske. Kowane zaɓi da farashinsa.

A jikin gangan naɗin ma akwai mahaɗi na musamman da ke barin haske ya wuce yayin da gangan ke juyawa.

Babban ciwon kai shi ne wuri. Siraran bututun da jiragen ƙarƙashin teku ke ja, kamar samfurin TB-29 na Amurka, kaurinsu 'yan santimita ne kawai, kuma a ciki ne za a cusa zaren gilashi da wayoyin wuta da igiyar da ke ɗaukar nauyin ja. Mahaɗin da ya yi nauyi zai sa bututun ya lanƙwashe, wanda ya yi tudu kuma zai sa ruwa ya riƙa ƙara a kansa, dab da kunnen da ake son ya yi saurare.

Ofishin gwajin makamai na ma'aikatar tsaron Amurka ya sha kokawa a rahotanninsa kan yawan lalacewar samfurin na TB-29. Jirgin da igiyarsa ta mutu a tsakiyar sintiri, ko dai ya ci gaba da aiki da rabin ji, ko kuma ya juya zuwa tashar ruwa domin gyara.