Me ya sa kifin dam ya fi ƙiba da kaka?

Yau hirar kifi za mu yi.

Ni a Fagge na tashi, kuma tun ina yaro ni ake aika sayen kifi titin Galadima, can wajen Sabon Gari. Abin da na daɗe ina lura da shi: in damina ta ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, karfasar da ke kan tebur sai ka ga ta yi ɓul-ɓul. In sanyi ya kankama kuma sai ta yi wuya, kuɗinta ya hau. Da na zaci wayon 'yan kasuwa ne kawai. Ashe maganar daga ruwa take.

Ku ɗauki dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ko na Challawa da ke Ƙaraye, na 1992. Da damina ruwa yana cika, ya hau kan ciyawa da gonakin bakin gaɓa. To nan ne gidan biki a wurin kifi. Ga ƙwari, ga tsutsa, ga ruɓaɓɓen ganye, ga wurin ɓuya. Tarwaɗa a irin wannan ruwa mara zurfi take zuba ƙwai. Karfasa kuwa, namijin ne ke haƙa ɗan rami a ƙasa, macen ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su a bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe. Ee, a baki! Kusan duk tsawon lokacin nan ba ta cin abinci.

Da kaka ta shigo, ruwan sama ya tsaya, ruwan dam ya fara ja da baya. A Tiga ma ana sakin sa zuwa gonakin rani na su Kadawa da Kura, don haka gaɓa sai ƙara nisa take. Dole kifin da ya yi watanni yana kiwo cikin ciyawa ya fito fili, shi da 'ya'yansa. Su kuma masu cin kifi, irin ragon ruwa da giwan ruwa, sai su tare daidai inda tudu ya gangara zuwa zurfi suna jira. Masunci da ya san aikinsa a nan yake shimfiɗa kalli ko ya ja mamari, musamman da asuba da kuma dab da magariba. Har a Amurka haka abin yake: masu fatsa da ke neman kifayen da suke kira bass da crappie, in zafi ya wuce, garken ƙananan kifaye suke bi, don sun san babba yana bayansu.

Sai hunturu. Kifi ba ya ɗumama jikinsa kamar mu, zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne. In ruwa ya yi sanyi, karfasa takan rage ci, ta rage yawo. Kifin da ba ya yawo ba ya faɗawa raga, wanda ba ya jin yunwa kuma ba ya haɗiye ƙugiya. Ga shi masuncin ma mutum ne, shiga kwale-kwale da asubar Janairu ba wasa ba ne. Kun ga inda tsadar ta samo asali.

Amma ga abin da ke damuna. Lokacin nan da manya ke fitowa, shi ne lokacin da 'ya'yan bana ke fitowa su ma. In aka ja taru mai ƙananan idanu, ko kuma gidan sauro, wallahi har da shi wasu ke yi, sai a kwashe duka. Wata rana na tarar da daro cike da karfasa wadda ba ta kai yatsu uku a faɗi ba. Na ce wa mai ita, "Baba, waɗannan ai ba su isa kamu ba." Ya ce in bai saya ba wani zai saya. Ban iya ba shi amsa ba, don gaskiya ni ma na sha saye, a soya su ƙarau a ci da garin rogo. Sai dai kowace ɗaya a daron nan, da an bar ta 'yan watanni, da ta kai haihuwa. Na daina sayensu, duk da arha.

In za ku saya a wannan kakar, ku ɗaga marfin kunnen kifin ku duba: ja mai haske ake so, ba ruwan ƙasa ba. Ido ya zama garau, in kun danna tsoka ta dawo. Kifin da aka kama da guba kuwa yakan yi laushi da wuri, kuma dokar tarayya ta 1992 ta hana su da guba, don haka in duk tarin ya yi taɓo tun da safe, ku wuce gaba. Tarwaɗa mai rai da kuke gani a baho, yawancinta ta kiwo ce, ita babu ruwanta da kaka ko hunturu. In ta dam kuke so, sai kun tambaya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.