Tagar da ke Bin Sawun Kibiya

Ranar Litinin kwamfutata lafiya lau take. Ranar Laraba na kama wata taga da linzami zan ja ta gefe, sai kibiya ta isa ƙarshen allo, taga kuwa tana tafe a baya tana ɗingishi. Na saki maɓalli, amma ba ta tsaya ba sai da ta bi duk lanƙwasar da hannuna ya yi. Bidiyo bai sarƙe ba, rubutu bai yi jinkiri ba. Jan taga kaɗai ne ya lalace.

Tsufa na fara zargi, don na'urar ta kwana biyu. Na buɗe top, manhajar da ke nuna wa ke cin ƙarfin kwamfuta a Linux. Kowa na zaune lafiya. Amma da na kama taga, sai Xorg, manhajar da ke zana komai a allo, da manajan tagogi suka haye saman jeri, ina saki suka sauko.

Daga nan na koma kan manhajar da ke harhaɗa hotunan tagogi kafin su hau allo, mai sa inuwa da sauran kwalliya. Na kashe ta, abin ya ƙara muni. Da dalilinsa: a tsarin X11 da Xorg ke bi, wanda ya fito daga jami'ar MIT a 1987, in babu mai harhaɗawa, duk tagar da aka yaye wa wani sashe sai an aika mata saƙo ta sake zana kanta. Shi ya sa tsofaffin manajoji irin su twm ba sa jan tagar kanta, zanen iyakarta kawai suke ja, sai an saki ta koma wurin. Ba rowar kwalliya ba ce, sanin nauyin aikin ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bin sawun nan. Na'urar da ta gaza tsalle take yi, ta ƙetare wasu wurare. Wannan kuwa ba ta ƙetare ko taki ɗaya. Ke nan layi ake bi, saƙonni sun taru ana sallamar su ɗaya bayan ɗaya. To, wa ke turo su?

Na buɗe xev, manhajar da ke nuna saƙonnin da taga ke karɓa, na ɗan motsa hannu, saƙonni suka kwararo kamar an fasa madatsa. Sai na tuna ranar Talata ƙanena ya ba ni linzaminsa na wasannin kwamfuta, nawa ya mutu.

Linzamin USB na yau da kullum yakan ba da rahoton inda yake sau 125 a daƙiƙa. Na 'yan wasa kan kai sau 1,000. Allona kuwa sau 60 yake sabunta hoto, wato rahoto kusan 17 ke zuwa kafin hoto ɗaya ya fito, kuma na ƙarshensu ne kaɗai ido zai gani. Manajan da aka rubuta da hikima yakan zubar da tsofaffin, ya ɗauki na ƙarshe. Nawa bawan Allah ne, kowane rahoto sai ya matsar da taga, ya sanar da manhajar da ke cikinta, sannan ya waiwayi na gaba.

Na kifa linzamin, sai ga ɗan maɓalli a cikinsa mai sauya yawan rahoton. Na mayar da shi 125, na kama taga, ta manne wa kibiya kamar kaska.