Tukunyar Dalma Da Kaskon Zamani: Wanne Ya Kamata Ya Fi Ba Mu Tsoro A Batsari Da Safana?

Kwanakin baya na je Safana bikin 'yar ƙanwata. Ana tsakiyar harhaɗa kayan ɗaki uwar amaryar ta ja ni gefe, ta buɗe wani kwali ta nuna mini jerin tukwane biyar da kasko, masu baƙin ciki sumul, irin waɗanda abinci ba ya kamawa. Ta ce, "Yaya, na ji a waya ana cewa waɗannan suna jawo ciwon daji. In mayar wa mai shago ne?" Kafin in ba ta amsa idona ya kai tsakar gida, inda manyan tukwanen dalma uku ke kan murhu ana dafa abincin 'yan biki. Babu wanda ya taɓa tambayata game da su, alhali a ganina su ne suka fi cancantar tambayar.

Tsoron ƙanwata yana da tushe. Abin da ake shafa wa cikin waɗannan tukwane wani nau'in roba ne da aka fi sani da Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1938, Faransawa kuma suka fara sayar da kaskonsa da sunan Tefal a 1956. Shekaru da dama ana haɗa shi da taimakon wani sinadari mai suna PFOA, wanda ba ya ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, kuma yakan daɗe a jinin mutum. A yankin Parkersburg na Amurka ya gurɓata ruwan sha, aka gwada jinin mutane kusan 69,000, masana suka alaƙanta shi da cututtuka shida, ciki har da dajin ƙoda da na maraina. A 2019 aka sa shi cikin jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta haramta, a 2023 kuma cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana shi a matsayin mai haddasa daji.

Sai dai mutanen Parkersburg ta ruwan sha suka gamu da shi, kuma manyan kamfanonin Amurka sun daina aiki da shi zuwa 2015. Haɗarin da ya rage mana shi ne wuta. Rufin yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260, daga nan yana fitar da hayaƙin da ke sa zazzaɓi da ƙuncin ƙirji, yana ma kashe tsuntsaye. An ƙera kaskon ne domin murhun gas da ake iya rage wa wuta. Matar da za ta aza shi babu komai a ciki a kan itace ko karan dawa, ta juya da cokalin ƙarfe, ta goge da toka da soson ƙarfe, cikin 'yan watanni za ta gama da shi. Masu son ƙanzo kuwa tun farko ba nasu ba ne.

Tukunyar tsakar gida labarinta daban. Bahaushe yana kiran ta tukunyar dalma, alhali alminiyum ce, dalma kuwa wani ƙarfe ne mai nauyi da guba. Abin takaici, sunan ya fi kusa da gaskiya fiye da yadda muke zato. Maƙeri ba ya sayen sabon alminiyum. Abin da 'yan jari-bola suka kawo yake narkawa ya zuba a mazubin yashi: gwangwanaye, ɓallin injin mota da babur, lagireto, wayoyi, tarkacen kayan lantarki. A cikin waɗannan akwai dalma, musamman wadda aka yi liƙi da ita. Tana narkewa a digiri 327, alminiyum kuwa sai 660, don haka kafin tukunya ta samu ta riga ta gauraye da ita, kuma ido ba ya ganin ta.

Jeffrey Weidenhamer na Jami'ar Ashland da abokan aikinsa sun gwada irin waɗannan tukwane na Kamaru a 2014, suka tarar dalma tana fita daga jikinsu idan an tafasa ruwa mai tsami. A 2017 suka gwada tukwane 42 daga ƙasashe goma, 15 suka fitar da dalma a ma'aunin da ya isa damuwa, 40 suka fitar da alminiyum fiye da ƙima. A 2023 ƙungiyar Pure Earth ta binciki kasuwannin ƙasashe 25, har da Nijeriya, ta ce fiye da rabin kayan girki na ƙarfe da ta gwada suna ɗauke da dalma sama da ma'aunin da ta gindaya.

To, mu dubi abin da muke dafawa: yakuwa, zoɓo, tsamiya, tumatir. Tsami yana cin alminiyum, kanwa ma haka, mu kuwa da wuya a dafa wake ko a kaɗa miyar kuka ba a jefa ta ba. Duk uwar gida ta san ƙananan ramukan da ke fitowa a gindin tsohuwar tukunya. Abin da ya zaizaye daga wurin, cikin miya ya tafi.

Bai kamata mutumin yammacin Katsina ya buƙaci dogon bayani kan dalma ba. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na makwabciyarmu Zamfara, sanadiyyar niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Waccan guba ce mai yawa a lokaci guda, shi ya sa aka ga gawarwaki. Ta tukunya kaɗan-kaɗan take shiga, babu farfaɗiya, babu kuka. Tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa jini, tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, a babba kuma ta taɓa ƙoda ta ɗaga hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa. Mu malamai mukan ɗora laifin daƙiƙanci kan ɗalibi ko makarantar da ya fito, ba mu cika tuna abin da ya ci tun yana yaye ba.

Ban rubuta wannan don in ɓata wa maƙera sana'a ba. Iyalin da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan bakin dajin Rugu, suka sauka Batsari ko Runka da tufafin jikinsu kawai, tukunyar da kuɗinsu zai iya saye za su saya, kuma maƙerin shi ma daga irinta yake ci. Gyaran yana wajen tantance abin narkawa. Gwangwanin lemo da fasassun tukwanen kamfani sun fi tsafta nesa da kayan inji da na lantarki. Amma wa zai gaya masa? Hukumar SON tana duba kayan masana'antu da na shigowa, ban taɓa jin ta sauka rumfar maƙera a kasuwar ƙauye ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana nan kusa da Safana, ga ta Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina. Ɗalibin kimiyyar sinadarai ɗaya zai iya sayen tukwane talatin a kasuwannin Batsari, Wagini da Runka, ya gwada su a aikinsa na kammala digiri, a kira shugabannin maƙera a karanta musu sakamakon da Hausa.

Kafin a kai ga haka, kada a bar miya mai tsami ta kwana a tukunyar dalma, kada a jiƙa zoɓo ko tsamiya a cikinta, wadda ta yi ramuka kuma a mayar da ita ta dafa ruwan wanka. Tukunyar ƙasa irin ta kakanninmu, wadda ba a shafa wa ƙyalli ba, da baƙin kaskon ƙarfe na masu ƙosai, da tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, duk sun fi aminci.

Ƙanwata ba ta mayar da kwalin ba. Mun yi da amarya cewa sai a kan gas, da ƙaramar wuta da cokalin katako, kuma duk wadda ta fara salewa a jefar. Washegari na shiga kasuwa na ƙara mata wata ƙaramar tukunya ta ƙarfe marar tsatsa, na ce ta ajiye ta domin kunun yaro idan Allah Ya kawo rabo.