Babi na Tara: Tsohuwar Kotun Ƙolin Singafo da Filastar Shanghai

Manyan gine-ginen da Turawan Ingila suka bari a birnin Singafo sun taru ne a kewayen wani buɗaɗɗen fili da ake kira Padang, kalmar da ke nufin fili a harshen Malay, kuma daga cikinsu babu wanda ya kai tsohuwar Kotun Ƙoli ɗaukar ido, saboda koriyar ƙubbarta da jerin dogayen ginshiƙan da ke gabanta. Gwamna Shenton Thomas, wanda ya yi aikin mulkin mallaka a Nijeriya, ya kuma riƙe gwamnan Gold Coast, wato Ghana ta yau, kafin a tura shi Singafo, shi ne ya aza harsashin ginin a 1937, aka buɗe shi a 1939 bisa zanen Frank Dorrington Ward, a inda wani babban otel mai suna Grand Hotel de l'Europe ya taɓa tsayawa.

Akwai maganganu biyu da masu yawon buɗe ido ba sa gajiya da maimaitawa, kuma duka biyun ba su da tushe. Ta farko ita ce wai Stamford Raffles ne ya gina kotun, alhali mutumin da ya sauka a tsibirin a 1819 ya riga mu gidan gaskiya tun 1826, fiye da shekara ɗari kafin a haƙa ramin harsashin. Ta biyu, wadda ta fi yaɗuwa, ita ce wai da sassaƙaƙƙen dutse aka gina ta, kamar majami'un Turai. Ko kusa ba haka ba ne. Ƙashin ginin ƙarfe ne da kankare da bulo, abin da ido ke ɗauka dutse kuwa shafe ne da magina ke kira filastar Shanghai, wadda ake haɗawa da siminti da yashi da ƙananan tsakuwoyin da aka farfasa daga dutse. Magini yakan shafa kwaɓin a bango ya danne shi da cokalin gini, ya jira ya fara kamawa amma bai kai ga bushewa ba, sannan ya wanke fuskarsa da ruwa da burushi har madarar simintin da ke sama ta zube, tsakuwar ta bayyana. In ya yi gaggawa tsakuwar ta zube tare da ruwan, in ya yi jinkiri simintin ya ƙi wankuwa, don haka gwanintar duka tana cikin sanin lokaci. Daga nan sai a ja layuka a jikin shafen domin ya yi kama da tubalan dutse da aka jera. Aikinsa bai tsaya ga ado ba, domin kamar yadda makuba ke kare bangon ƙasa daga damina, haka wannan shafe ke jure ruwan saman da ke sauka a Singafo kusan duk shekara.

Dalilin zaɓensa kuwa araha ne, domin an yi ginin ne lokacin da duniya ba ta gama farfaɗowa daga karyewar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ba. Wani masassaƙi ɗan Italiya, Rudolfo Nolli, shi ya jagoranci aikin ginshiƙai da siffofin da ke goshin ginin, inda aka zana adalci a siffar mace riƙe da ma'auni da takobi, kuma mai lura zai ga idanunta a buɗe suke, saɓanin yadda aka saba ganin ta da ƙyalle a fuska. Amma hannayen da suka wanke bangon nan taku bayan taku na leburori da magina 'yan ƙasar Sin ne, waɗanda ba a rubuta sunayensu a allon harsashi ba.

Sauran tarihin a taƙaice yake. A ginin da ke maƙwabtaka da kotun, wato City Hall da aka kammala a 1929, sojojin Japan suka miƙa wuya ga Lord Mountbatten ranar 12 ga Satumba, 1945, kuma a nan ne Lee Kuan Yew ya yi rantsuwar kama mulki a 1959. Kotun farko ta birnin ta zauna ne a gidan da George Coleman ya gina wa wani ɗan kasuwa a 1827, wanda daga baya ya zama majalisar dokoki. A 2005 alƙalai suka ƙaura zuwa sabon ginin da kamfanin Norman Foster ya zana, mai wani faffaɗan faifai a samansa, sannan a 2015 aka haɗe tsohuwar kotun da City Hall suka zama gidan baje kolin zane-zane na ƙasa. Masu gyaran sun bar biyu daga cikin ɗakunan tsare waɗanda ake tuhuma yadda suke, sun kuma bi filastar bango bango suna wankewa da cike tsagogi, domin sabon kwaɓi ba ya dacewa da tsoho sai an daidaita launin tsakuwa da girmanta.