Yaya ake farfaɗo da tsohon injin kwale-kwale?

Injin kwale-kwale shi ne wanda ake ɗaurawa a bayan jirgi, farfelarsa cikin ruwa, kamar waɗanda ake gani a Yawuri da Baga. Yawancin tsofaffin, fetur ake gauraya musu da baƙin mai.

Idan ya daɗe a ajiye, makanike kan fara duba fulogi, ko yana ba da wuta. Sai kabireta, inda tsohon fetur ke daskarewa ya toshe hanyar mai. Sau da yawa wanki kaɗai ke tashe shi. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne robar famfon ruwa. In ruwan sanyaya bai tsarto ta baya ba, a kashe nan take, in ba haka ba zafi zai lalata injin.

Masunta da fasinjoji ne ke shiga haɗari idan injin ya mutu a tsakiyar kogi.