Allurar Da Ke Tsare Jariri Daga Ciwon Hanta

Uwargida, in kina da juna biyu, ki roƙi a gwada jininki ranar awo. Ciwon hanta nau'in B yakan ɓuya a jiki, ya kama jariri wajen haihuwa. Cikin jarirai 10 da suka kamu, 9 da shi za su girma.

In an same ki da shi, ki haihu a asibiti. Akwai allurar HBIG, wadda ake tacewa daga jinin masu garkuwar cutar. Ana yi wa jariri ita cikin awa 12 da haihuwa, tare da allurar rigakafi. Ki tambaye ta tun da wuri, don ba kowane asibiti ke ajiye ta ba. Garkuwar aro ce ta 'yan watanni, saboda haka a cika sauran rigakafin. Nono kuwa, ba shi abinki.

'Yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata.